Cire ruwa daga iskar gas: na ƙara TEG amma danshin ya ƙi sauka, ina matsalar take?

ɗalibin_kemikal ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu injiniyoyi da 'yan'uwa ɗalibai na wannan zaure. Dan Allah taimako nake nema kan firojet ɗina na shekarar ƙarshe, an ba ni zanen sashen busar da iskar gas ne, wato a cire mata ruwa kafin a tura ta bututu. Abin da lakcara ya ba ni shine gas MMscf 50 a rana, wato kubik fit miliyan 50, matsi psi 1000, kusan bar 69 kenan, zafi digiri 38 na Celsius, kuma yace in ɗauka gas ɗin a ƙoshe yake da tururin ruwa, ana so ya fita da laba 7 na ruwa a kowane MMscf.

Na haɗa komai a manhajar simuleshan ta HYSYS da TEG, wato nau'in gilaikol mai shanye ruwan da ke cikin gas, hasumiyar da gas ke haɗuwa da gilaikol da riboila mai dafa gilaikol ta kori ruwan da famfo duk suna aiki babu ja ko ɗaya, amma ruwan da ke fita tare da gas ya tsaya sama da laba 10 ya ƙi motsi. Na ƙara yawan gilaikol da ke zagayawa, na ninka shi, na sake ƙarawa, wlh abin da yake raguwa bai taka kara ya karya ba, sai dai wutar riboila da ke ta hauhawa. Riboilan na sa shi a digiri 160 ne saboda na ga an rubuta a wani wuri cewa gilaikol yana fara lalacewa a 164.

Tambayoyina uku ne. Na farko, tunda akwai separeta a gaba wadda ke zubar da ruwa, me yasa ma ake wannan wahalar gaba ɗaya? Na biyu me yasa ƙarin gilaikol ba ya sauke min danshin. Na uku wani abokina yace in watsar da TEG kawai in sa molekula sib, wato ƙwayoyin nan masu tsotse ruwa, tunda ita tafi busarwa, shin haka ne? Ngd sosai, Allah ya saka da alheri.

tsohon_injiniya ya amsa:

Wa alaikumussalam ƙanena. Bari in fara da ta biyun tunda ita ce ke hana ka barci. Matsalarka a riboila take, famfo bashi da laifi. Wannan 164 da ka gani ta DEG ce, wani nau'in gilaikol daban, shi TEG sai wajen digiri 206 yake fara lalacewa, shiyasa kusan duk inda ka shiga zaka tarar an saita riboila a 204 ko ƙasa da haka kaɗan, wato 400 a ma'aunin Fahrenheit. A 204 ɗin, da matsin iska na yau da kullum, gilaikol ɗinka zai fito da tsafta kashi 98.5 zuwa kusan 99 cikin ɗari. A 160 kuwa kana mayar da shi hasumiya ne da sauran ruwa mai yawa a jikinsa.

Ka duba yadda abin yake tafiya. Gas yana shiga ta ƙasan hasumiya yana hawa, gilaikol yana shiga ta sama yana saukowa, to abu na ƙarshe da gas ke gogawa da shi kafin ya fita shine gilaikol ɗin da ya dawo daga riboila, kuma ba yadda za ayi gas ya bushe fiye da iyakar da wannan gilaikol ɗin ya yarje masa. Kamar mai goge jiki ne da tawul mai danshi, ko goma ya ɗauko in duk da danshinsu jikin ba zai bushe sarai ba. Ƙarin gudun gilaikol da ƙarin tire, wato farantan da ke cikin hasumiya, suna matso da kai kusa da waccan iyakar ne kawai, basa ture ta. Mai ture ta shine tsaftar gilaikol da kuma zafin da gas ya shigo da shi. In ka wuce galan 4 ko 5 a kowace labar ruwa to kusan asara kake yi, wuta kake ƙonawa a banza.

Ga lissafin da ya kamata kayi da biro kafin ma ka buɗe kwamfuta, dan ni bana yarda da simuleshan ɗin da mai shi bai san amsar da yake jira ba. Ka ɗauko jadawalin McKetta da Wehe na 1958, a psi 1000 da digiri 38 zaka ga gas yana ɗauke da wajen laba 60 a kowane MMscf. Kana so ka dawo 7, zaka cire 53 kenan, sau 50 ya ba ka laba 2650 a rana, kusan kilo 1200, ko kace laba 110 a awa. Al'adar zane galan 2 zuwa 5 na TEG ne ga kowace laba, an fi ɗaukar 3, kaga galan 330 a awa, wato 5.5 a minti. In simuleshan ɗinka yana neman ninkin wannan sau uku to ka san akwai abin da bai zauna daidai ba.

In wata rana aka ce maka 7 bata isa ba, misali ƙasashe masu sanyi irin Kanada inda ake neman 4, ko gas ya shigo da zafi sosai, kar ka taɓa ɗaga riboila sama da 204. Busasshen gas ake hurawa ta cikin gilaikol mai zafi ya kwashe ragowar ruwan, in aka sa ƙaramar hasumiyar Stahl tsakanin riboila da tankin ajiya ana iya kai 99.9. Akwai kuma tsarin Drizo da Coldfinger, ka leƙa su ko dan babin nazari.

Ita kuma tambayarka ta farko, separeta ruwan da ya riga ya zama ruwa take kamawa, ɗigo da wanda ya taru. Wanda ke cikin gas a matsayin tururi wucewa yake abinsa, kuma gas ɗin yana fita ne a ƙoshe, da zarar zafi ya sauka ko da digiri kaɗan ne a cikin bututu ruwa zai sake fitowa. In ruwa ya haɗu da gas a matsi mai yawa sai ya daskare ya zama haidiret, wani abu fari kamar ƙanƙara wanda ƙwayoyin ruwa suka kewaye na gas suka kulle, kuma baya jiran sifili, a psi 1000 yana iya fitowa a wajen digiri 15 zuwa 18 gwargwadon haɗin gas ɗin. Hammerschmidt ne ya nuna a 1934 cewa shine ke toshe bututun gas a Amurka, kafin nan ana zaton ƙanƙara ce zalla. Wurin da yafi so shine bayan bawul inda matsi ke faɗuwa, dan gas yana yin sanyi kusan rabin digiri a duk bar ɗaya da ya sauka. Sannan ga tsatsa, in akwai CO2 ko H2S suka samu ruwa asid suke zama su ci ƙarfe ta ciki. Laba 7 ɗin nan a matsinka tana nufin raɓa ba zata sauka ba sai zafi ya kai wajen sifili, nan ne hikimar lambar.

yar_lab ta amsa:

Injiniya ya gama magana kan zane, ni bari in ƙara abin da kwamfuta bata nuna maka, tunda mu ake kawo wa samfur in abu ya rikice. A simuleshan gilaikol kullum fes yake, a fili kuwa zaka ga an kawo maka shi baƙi ƙirin yana wari kuma ofareta na rantsuwa cewa riboila na kan 204.

Babban abokin gaba kumfa ce. In gilaikol ya fara kumfa a hasumiya gas zai tafi da shi ta sama, tanki na raguwa kullum ana ƙari, danshi kuma na hawa saboda haɗuwar gas da gilaikol ta lalace. Abin da ke kawo ta yawanci man da ya tsallake separeta ne, ko maganin tsatsa da ake zubawa a rijiya, ko ƙurar ƙarfe. Shiyasa a zanenka ka tabbata busasshen gilaikol yana shiga hasumiya da zafi sama da na gas da kamar digiri 3 zuwa 6, in yafi gas sanyi man da ke cikin gas a matsayin tururi zai koma ruwa ya shiga cikinsa, in kuma yayi zafi da yawa shan ruwansa zai ragu kuma zai riƙa bin gas a tururi. Malamai suna son tambayar nan a difens ka riƙe ta.

Na biyu gishiri. Ruwan rijiya mai gishiri in ya tsallako, gilaikol zai ɗauke shi, riboila kuma ruwa kawai take kora gishiri bashi da hanyar fita, sai ya manne a jikin bututun wuta, wurin ya ɗau zafi fiye da kima ya ƙona gilaikol ko ma ya huda bututun. Dan haka wannan separetar da kake ganin kamar bata da amfani, ita ce ke tsare duk abin da ke bayanta, kar ka matse ta a zane.

Na uku iskar oksijin, tana mayar da gilaikol asid, shiyasa ake lulluɓe saman tankin ajiya da gas ko naitirojin. Mu muna duba pH ya zauna wajen 7 zuwa 8 da ɗoriya, muna auna ruwan da ke cikin busasshe da jiƙaƙƙen gilaikol da gwajin Karl Fischer, bambancin biyun shi zai gaya maka ainihin ruwan da aka cire ba abin da allo ya nuna ba.

Kuma dan Allah ƙanena kar ka manta tankin fulashi, mai sakin gas ɗin da gilaikol ya kwaso, da filta biyu, ta datti da ta gawayi, ɗalibai da yawa tsallake su suke. Sannan ka rubuta wani abu kan hayaƙin da ke fita saman hasumiyar riboila, ba tururin ruwa ne kaɗai ba, TEG yana shan benzin da toluwin da danginsu da ake kira BTEX, can suke fita kuma benzin na kawo kansa. Ga wani dalilin kuma da zai hana ka ƙara gudun gilaikol haka kawai, gwargwadon ƙarin gwargwadon BTEX ɗin da kake kwasowa.

dan_LNG ya amsa:

Slm. Ni dai gsky abokinka bai yi ƙarya ba, molekula sib tafi busarwa nesa ba kusa ba, kuma ni da za'a bar ni ita zan zaɓa saboda babu kumfa babu famfon gilaikol babu wannan baƙin ruwan da hajiya ke magana. A masana'antar LNG, inda ake mayar da gas ruwa, ana sanyaya shi har digiri 162 ƙasa da sifili, a can ko ɗan ruwan da TEG mai kyau ya bari ya isa ya daskare ya toshe ƙananan hanyoyin na'urar sanyaya, shiyasa ake neman ƙasa da ppm 0.1, wato kashi 0.1 cikin miliyan, kwatanta da laba 7 ɗinka wadda ta kai wajen ppm 150 kaga tazarar.

Yadda take aiki, ƙwayoyin ziyolait ne masu ramuka ƙanana iri ɗaya ake cika tulun ƙarfe da su, nau'in 4A aka fi sawa, 3A mai ƙananan ramuka kuma in ba'a so wasu abubuwan su shiga ramin sai ruwa. Gas na bi ta sama zuwa ƙasa dan kar ya ɗaga ƙwayoyin su riƙa gogar juna suna farfashewa, ruwa na maƙalewa, saman gadon ya fara cika sannan cikar ta riƙa saukowa, kafin ta iso ƙasa sai bawul su juya gas ya koma tulu na biyu, shi kuma na farkon a hura masa busasshen gas mai zafi wajen digiri 230 zuwa 290 daga ƙasa zuwa sama ya kori ruwan, a sanyaya shi, ya jira layinsa. Ko da yaushe akwai mai sha akwai wanda ake gasawa, tulu biyu ko uku ko fiye, zagaye ɗaya awa 8 ko 12 har 24 gwargwadon zane. Akwai silika jel da alumina suma, sunfi saukin gasawa amma basa kai sib bushewa.

Ita ma tana da nata halin fa, ruwa mai ɗigo ko amin, wato sinadarin cire CO2 da H2S daga gas, ko gilaikol in suka faɗa kan gadon suna lalata shi, ƙarfin shanta yana raguwa da shekaru sai an kwashe an zuba sabuwa, kuma bawul ɗin juyawa suna shan wahala dan kullum daga zafi zuwa sanyi suke. Amma dai in ka tambaye ni wacce tafi kwanciyar hankali, sib ce.

tsohon_injiniya ya sake amsawa:

Malam dan_LNG duk abin da ka faɗa kan yadda take aiki haka yake, amma kar mu ɓatar da yaron. Ba'a ce masa wacce tafi busarwa ba, an ce masa laba 7. In ya sa sib a wannan aikin zai sayi manyan tulunan da ke ɗaukar matsi da zafi, da hita, da kwamfresan gas ɗin gasawa, kuma a kowane zagaye ba ruwa kaɗai yake dafawa ba harda ƙarfen tulun da ƙwayoyin gaba ɗaya sannan ya sake sanyaya su, duk dan ya kai wata bushewa da babu wanda ya nema. Ni da ina cikin masu yi masa difens tambayar farko da zan jefa masa kenan. Ma ai ko a wuraren da sib ta zama dole, sau da yawa ana sanyaya gas ɗin tukuna ko a bi da shi ta TEG a rage mafi yawan ruwan, dan tulunan su ƙanƙance. Inda gas ɗin zai je shi ke zaɓar maka hanya, bututun sayarwa TEG, sanyi mai tsanani irin na LNG ko cire etan sib.

Wani abu da bamu taɓo ba, akwai inda ba'a cire ruwan ma sam a wurin, musamman dogon bututu daga rijiyar cikin teku. Sai a riƙa zuba metanol ko MEG, shima nau'in gilaikol ne, a bakin rijiya, suna sauke digirin da haidiret ke fitowa, ruwan na nan amma ba zai daskare ba, in an iso tudu a raba a dafa MEG ɗin a mayar. Wannan riga-kafi ne ba busarwa ba, kar ka haɗa su a rahotonka. Kuma tunda wata rana zaka tsaya gaban bututu na gaske, in haidiret ya toshe layi ba'a sauke matsi ta gefe ɗaya, toshiyar tana iya ɓallewa da gudu ta fasa gwiwar bututu, an rasa rayuka ta haka. Ta gefe biyu ake saukewa a hankali.

ɗalibin_kemikal ya dawo:

Kai Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Allah ya ƙara ilimi. Yallaɓai na ɗaga riboila zuwa 204 na mayar da gudun galan 3, gilaikol ya fito 98 da ɗoriya kusan 99 kamar yadda kace kuma ruwan ya faɗo ƙasa da 7, wutar riboilan ma ta ragu sosai akan da. Hajiya na saka tankin fulashi da filtocin, na kuma gyara kula, wato na'urar sanyaya gilaikol, ya riƙa fita a digiri 43. Saura abu ɗaya, a takardar da aka ba ni akwai CO2 da ɗan H2S kuma wani ɗan ajinmu ne ke zana sashen amin, muna ta gardama da shi waye zai zo gaba, shi yace in fara busarwa dan tsatsa kar ta ci masa kaya, ni kuma inaga kamar nine a baya amma bani da hujja.

yar_lab ta amsa:

Kaine a baya, kuma hujjar mai sauƙi ce, amin ɗinsa narke yake a ruwa, rabi ko fiye da rabinsa ma ruwa ne, duk gas ɗin da ya ratsa hasumiyarsa a ƙoshe da tururi zai fito ko da ka busar da shi ƙarau kafin nan. Sai dai ka lura da abu biyu. Gas ɗin zai zo maka ne da zafin saman hasumiyar amin ba 38 ɗin takarda ba, in ya zo a 45 ko 50 ruwan da yake ɗauke da shi yafi laba 60 sosai kuma lissafinka duk sai ya canza, dan haka ka karɓi ainihin lambar daga wajensa ko ka sa kula da ƙaramar separeta a tsakaninku, ka sanyaya gwargwadon iko amma ka tsaya sama da digirin haidiret da tazara. Sannan wannan separetar ita zata tare maka ɗigon amin, in ya shiga TEG pH zai hau kumfa ta biyo baya. Ka turo mana zafin da ya baka mu ga ko 204 kaɗai zata riƙe ka ko sai ka ƙara gas ɗin hurawa.